Kasuwa da Biro: Uwar garke ƴar gwanjo, wa ya gwada ta?



Kowa ya san kwamfutar da ke bisa tebur, wadda sakatare ke buga wasiƙa da ita, ɗan kasuwa ke riƙe lissafin bashi a cikinta. Akwai kuma wata da ba a cika gani ba, domin kulle ta ake yi cikin ɗaki mai sanyi, ba ta da fuskar kallo, ba ta kwana, ba ta hutun Lahadi. Masu faransanci suna ce mata sarber. A Hausa an raɗa mata uwar garke, kuma sunan ya dace, tunda sauran kwamfutocin gida ita suke bi. Albashin ma'aikaci a cikinta ake shirya shi, takardar duwan ta Alhaji ta wajenta take bi, kuɗin da yaro ya aiko ma tsohuwarsa ta waya sai ta amince kafin su iso. Ranar da ta kwanta, ranar ce ake ce ma jama'a babu rezo, ku dawo gobe.

Manyan kamfanonin Turai da Amurka ba sa jira ta mutu. Galibi shekara 3 zuwa 5, da garanti ya ƙare, sai su fitar da ita su kawo sabuwa. Shi ya sa kasuwar gwanjo ta duniya take cike da irin su Dell PowerEdge da HP ProLiant, na'urorin da aka saya da miliyoyi, yau ana sallama su a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Wasu ta hannun ɗan kasuwa suke iso mana, cikin kwantena ɗaya da firji da talabijin. Wasu kuma kyauta ce daga wata ƙungiyar agaji ko wani gari na Turai da aka ƙulla kawance da shi, a yi biki, a ɗauki hoto, darekta ya sa hannu. Ɗan kasuwa da darekta tambayarsu guda ce: tana kamawa? A jona waya, fanka ta yi kuka, koren fitila ya haska, kowa ya ce madalla. To wannan tambaya ba ta da amfanin ko dala. Na'urar da za ta mutu bayan sati biyu ita ma tana kamawa.

Akwai inda aka ɗauki maganar gwaji da gaske, kuma ba injiniyoyi masu manyan digiri ne suka yi aikin ba. A birnin Portland na jihar Oregon, arewa maso yammacin Amurka, wani mutum mai suna Oso Martin ya kafa ƙungiyar Free Geek a shekarar 2000. Kalma ta biyu cikin sunan, a turancinsu, tana nufin mutumin da na'ura ta shiga ransa har ya manta da abinci. Mutanen gari da kamfanoni su kawo tsofaffin kwamfutocinsu, ƴan sa kai su tantance, mai rai a gyara, matacciya a wargaza a kai ma masu narka ƙarfe. A tsarin da suka bi shekara da shekaru, hanya biyu ce. Wanda ya yi aikin awa 24, ko da ɗaukar kaya ne da kwance kusoshi, a ba shi kwamfuta ya tafi da ita gida. Wanda kuwa yake son ya koyi sana'ar, sai ya shiga ajin haɗi: ya haɗa kwamfuta 5 na ƙungiya, ta 6 tasa ce. Ba a biyansa, shi ma ba ya biya. A wancan lokaci, na'urorin da aka haɗa da tsarin Linux suke fita, wato manhajar nan da Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan, ya fara a 1991, wadda ba ta buƙatar kuɗin lasisi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne jerin matakan da suke bi a wancan lokaci. Sabon shiga ba ya fara da haɗi. Sai ya koyi sunan kowane ɓangare tukuna, ya iya bambanta wannan da wancan da ido. Daga nan ya koyi hukunci: wannan a ajiye, wannan a wargaza. Bayan haka a ba shi aikin wani ya bincika, da takarda a hannu, layi bayan layi. Sai ya ga kurakuran mutane ya ƙoshi sannan a bar shi ya haɗa tasa, ita ma wani zai bincika ta. Uwar garke kuwa tana can ƙarshen hanya, tare da kwamfutocin hannu da gwajin ɓangarori masu wuya. Sai wanda ya gama ajin haɗi yake isa wurinta. Duk wanda ya yi aparanti a garaji zai gane wannan tsari, in ban da abu ɗaya: takardar. Zan dawo kanta.

Mu shiga cikin aikin kansa, domin a nan ne kuɗinku yake.

Uwar garke shimfiɗaɗɗiya ce kamar aljihun tebur, faɗinta santimita 48 da ɗoriya, siririyar cikinsu kaurinta bai kai santimita 4 da rabi ba, ana jera su cikin kabad na ƙarfe. Mai gwaji na ƙwarai da ido da hanci yake farawa kafin ya taɓa wuta. Ya buɗe murfi, ya hure ƙura, ya shaƙa ko akwai ƙaurin ƙonewa. Ya dubi ƴan gwangwanayen nan da ke tsaye bisa babban allo masu tara wuta: in kan ɗaya ya kumbura ko ya tsiyaye, allon ya kusa. Na'urorin da aka ƙera tsakanin 1999 da 2007 sun yi fama da wannan cuta ƙwarai. Ya canza ƴar batir mai kama da kwabo, CR2032, mai riƙe agogo, wadda kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba amma mutuwarta kan rikita kwanan wata na dukan takardun gida. Ya ɗaga ƙarfen da ke kan ƙwaƙwalwar na'urar, ya goge busasshen man da ke tsakani, ya shafa sabo, domin man nan ne ke miƙa zafi waje.

Sannan a zo ga ram. Ram kamar allon almajiri yake: a kansa na'ura ke rubuta aikin da ke hannunta, da an ɗauke wuta ya wanke. Na uwar garke na musamman ne, ana ce masa ECC, yana iya gano ƙaramin kuskure ya gyara shi da kansa. Wannan alheri ne, amma yana ɓoye ciwo: sanda mai lahani sai ta yi watanni tana kuskure ana gyarawa a ɓoye, har ranar da kuskuren ya fi ƙarfin gyara. Wani bincike da aka yi kan na'urorin kamfanin Google, aka fitar a 2009, ya nuna sama da kashi 8 cikin 100 na sandunan ram suna samun kuskure kowace shekara. Saboda haka ake sa manhajar Memtest86+ ta cika allon da rubutu, ta karanta, ta goge, ta sake, dare guda cur ko fiye, a kuma buɗe kundin da na'urar ke rubuta ciwonta a ciki a ga abin da ta gyara a ɓoye. Wanda ya ce maka ya gwada ram cikin minti goma, ka yi masa godiya ka riƙe kuɗinka.

Faifan ajiya shi ne inda kome yake zama, kuma shi ne ya fi saurin tsufa. Abin daɗi, faifai yana riƙe da tarihin kansa, tsarin da ake kira SMART. Ka tambaye shi, zai faɗa maka awa nawa ya yi yana juyawa, da wurare nawa suka lalace a jikinsa ya kauce musu. Faifan da ya yi shekara 5 ba hutu zai nuna awa 43.800. Ƴan kasuwar mota sun san yadda ake duba kilomita. To ga kilomitan faifai, kuma duba su ba ya cin ko tamma. Bayan haka a rubuce shi tun daga farko har ƙarshe a karanta, aikin da kan ci yini ko kwana biyu in faifan babba ne.

Gwajin da na fi so shi ne na mugunta. Ana sayen uwar garke da tsada ne saboda alkawari guda: in wani ɓangare ya mutu, aiki ba zai tsaya ba. Gidan wutarta biyu ne. Faifanta da yawa ne, an ɗaure su da tsarin RAID yadda in ɗaya ya faɗi sauran za su riƙe kayan. To mai gwaji sai ya kama ta da alkawarinta. Tana tsakiyar aiki ya fizge wayar wuta ɗaya ya ga ko za ta girgiza. Ya mayar, ya fizge ɗayar. Ya zare faifai guda, ya jira ta yi ƙara, ya sa wani, ya zauna har ta gama sake gina shi. Ya dubi batirin katin RAID, wanda kan kumbura da tsufa, kuma in ya mutu, ɗaukewar wuta ɗaya ta isa ta ɓata rubutun da ke kan hanya. Daga ƙarshe ya ɗora mata aiki mai nauyi kwana ɗaya ko biyu yana kallon zafinta. Sai an gwada akan san na ƙwarai, in ji Hausawa, kuma gara ta faɗi bisa teburin gwaji da ta faɗi ranar 25 ga wata ana shirya albashi.

Wani ɗan abu da ake mantawa: waɗannan na'urori suna da ƙofar baya, iDRAC a wajen Dell, iLO a wajen HP, wadda ake shiga daga nesa a kunna, a kashe, a ga kome. Tsofaffin na Dell duk da kalmar sirri ɗaya suke fitowa daga masana'anta, calvin, kuma babu ɓarawon intanet da bai san ta ba. Ko dai tsohon mai ita ya bar tasa ka kasa shiga, ko ya bar ta masana'anta kowa ya shiga. Dole a wanke ƙofar a sa sabon makulli.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar ma'aikata. A wurare irin na Portland, faifan da aka kawo ba ya zuwa hannun kowa sai an shafe shi ƙarƙaf, wanda ya ƙi shafuwa a farfasa shi. Dalili kuwa, goge takarda a kwamfuta kamar cire suna ne daga rajista alhali mutumin yana zaune cikin ɗaki. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka fitar da sakamakon faifai 158 na gwanjo da suka saya. Guda 129 suna aiki, kuma 12 kacal aka shafe yadda ya kamata. A cikin sauran suka tarar da lambobin katin banki fiye da 5.000, da takardun likita, da wasiƙun mutane. A 2009 kuma ɗaliban aikin jarida na wata jami'ar Kanada suka sayi faifai a Gana kan dala 40 ta Amurka, suka iske takardun kwangilar tsaro na kamfanin Northrop Grumman da gwamnatin Amurka. Idan haka ta faru da masu kuɗi da lauyoyi, ina ga tsohuwar kwamfutar ma'aikatar magajin gari da aka jefa magaza, da takardun haihuwa da na filaye a cikinta, wata rana ta ɓace a same ta a kasuwa? Tun 2017 ƙasarmu take da dokar kare bayanan sirri na mutane. Doka ba ta shafe faifai. Sai an sami wanda ya iya, an kuma ba shi umurni a rubuce.

Amma kada a ɗauka duk abin da ya ci jarrabawa a Portland ya ci ta a Maraɗi. Can garin ruwan sama ne da sanyi. Masana sun ba da shawarar ɗakin uwar garke ya zauna tsakanin digiri 18 da 27, kuma galibinsu iyakarsu 35. Ku tuna da watan Afrilu a Yamai ko Tawa, lokacin da 42 ba labari ba ne. Ku ƙara da ƙurar hunturu, wadda fankoki ke zuƙa dare da rana har ta toshe hanyar iska. Ku ƙara da kuran: a watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke sha a lokacin, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Ko a lokacin lafiya, kowa ya san halin wuta da zafi ya kama. Uwar garke ba ta zama ita kaɗai: tana son ondiler, tana son kilimatizer, tana son gurup. Amarya ce mai dangi.

Ga kuma ci. Mu ɗauka tsohuwa ce mai ƙwaƙwalwa biyu tana jan wat 300. Cikin wata guda kilowat-awa 216 ke nan, cikin shekara 2.628, ban da abin da kilimatizer zai sha don ya fitar da zafin da ta haifar. Kowa ya ɗauko faktir ɗinsa ya buga lissafi. Sau da yawa za ku ga biro mai mutum goma, wanda bukatarsa ajiyar takardu ce kawai, ƙaramar kwamfuta ta zamani mai jan wat 20 ko 30 ta ishe shi, batir da faranti ɗaya na hasken rana su riƙe ta, ba ta kuma cika ɗaki da kukan fanka kamar jirgi zai tashi. A ganina, darektan da ya ce ma mai kyauta mun gode, amma wannan ta fi ƙarfinmu, ya fi wanda ya karɓa don kunya ya kai magaza. Abu ɗaya dai ba ya tayar da hankali: Amurka wutarta 120 ce, tamu 220, amma gidan wutar uwar garke galibi yana karɓar daga 100 zuwa 240 da kansa. A karanta rubutun da ke jikinsa kafin a jona. Tsofaffin kwamfutocin tebur ne masu ɗan jan maɓalli a baya suke fashewa in an manta.

Sashen aikin da ba a ɗaukar hotonsa shi ne zubarwa. Rabin hikimar ƙungiya irin wannan tana cikin ƙarfin halin cewa wannan ba ta gyaruwa, ko ta gyaru ba ta cancanci wutar da za ta sha ba, a wargaza ta a nan inda aka ci amfaninta. Inda babu wannan hali, shara ce ake ɗora ma jirgi da sunan taimako. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta fitar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma kashi 22 cikin 100 kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa. Binciken da aka yi a tashoshin ruwa na Ikko a 2015 da 2016 ya nuna wajen tan 60.000 na kayan lantarki na gwanjo ke shiga Nijeriya kowace shekara, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu matattu ne tun daga can. Ƴan kasuwarmu da ke saro kaya a Alaba da Ikeja cikin wannan tulin suke zaɓe. Ƙasashen Afirka sun sa hannu kan yarjejeniyar Bamako a 1991 don hana shigo da shara mai guba, bayan abin da ya faru a garin Koko na Nijeriya a 1988. Sai dai matacciyar kwamfuta ba ta zuwa da sunan shara. Da sunan okaziyo take zuwa, kuma jami'in duwan ba shi da hanyar bambanta ta da mai rai in babu takardar gwaji.

Mun dawo kan takarda ke nan. Yaranmu masu gyaran waya da kwamfuta a kasuwannin Maraɗi da Damagaram ba hannu suka rasa ba. Wasunsu suna ɗaga abin da ko ganinsa sai da madubi. Abin da ya ɓace shi ne rubutu. Ilimin yana cikin kan maigida, yana ba da shi kaɗan kaɗan kamar magani, yaro ya shekara uku yana sayo shayi. Gwaji kuma ya danganta da yadda maigida ya tashi ranar. A tsarin Portland an rubuta matakan kowa yana gani, wanda ya haɗa daban, wanda ya bincika daban, kowa ya sa sunansa. Da haka ne mai ritaya da ɗan makaranta da wanda bai taɓa riƙe sukurdireba ba suka iya fitar da na'urar da wata ƙungiya za ta dogara da ita. Ladan ɗan sa kai kuwa a bayyane yake tun ranar farko, ya san ta shida tasa ce, ba sai ranar da maigida ya ga dama ba.

Kayan aikin irin wannan aji suna nan kwance cikin magazan ma'aikatunmu, ƙura ta rufe su. Masu koyo kuma suna Lise Teknik Ɗan Kasawa, da jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, da EMIG a Yamai, da dama daga cikinsu sun karanta RAID a littafi ba su taɓa zare faifai da hannunsu ba. Abin da ke tsakanin biyun takardar fitar da kayan gwamnati ce, wadda kowane darekta ke tsoron sa ma hannu kada a ce ya sayar da dukiyar ƙasa. Tsoronsa yana da hujja. Maganinsa a zare faifan a shafe shi gaban shaidu, a rubuta lambar kowace na'ura, wadda ta ci gwaji ta koma wata makaranta ko ɗakin shan magani da sunanta cikin rajista, wadda ta faɗi ita ma a rubuta inda ta tafi.

Shi kuwa Alhaji da zai sayi lo na gaba, kafin ya biya, ya nemi dillali ya nuna masa awoyin kowane faifai da sakamakon gwajin ram, ya kuma fizge waya ɗaya a gabansa. In dillalin ya ce babu lokaci, cinikin biri a sama ne, a yi shi da farashin ƙarfe, kilo kilo.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.